Mai Tunkarar Saɓani Shi Ke Riƙe Jama'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda muke yi wa kallon halin kirki alhali tana cinye mana zumunci da sana'a da shugabanci. Ɗabi'ar ita ce gudun saɓani. Mun taso ana koya mana kunya da kara da kawaici, kuma babu mai hankalin da zai raina waɗannan halaye, domin su ne suke sa babban gida ya ɗauki iyalai da yawa ba tare da an kwana ana shari'a kullum ba. Sai dai da yawanmu mun mayar da su mafaka. Idan abokin ciniki ya ci mana haƙƙi, ko ɗan'uwa ya faɗi maganar da ta sosa mana rai, ba ma zuwa mu same shi. Sai mu ce mun bar wa Allah, sannan mu ɗauke ƙafa daga gidansa, mu riƙa sauya hanya idan mun hango shi, mu kuma kai ƙararsa wurin duk wanda ya zauna kusa da mu, ban da shi kansa. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, mutanen da suka fi kowa jama'a da nasara mai ɗorewa galibi su ne masu kuzarin da za su tashi su taka har inda rigimar take, su zauna da wanda suka saɓa da shi, su jure zafin zaman har a tashi da matsaya.

Ba sai na je nesa neman misali ba, domin a nan Kaduna muna da shi. A watan Fabrairun 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa a kan batun sauya wa kasuwa mazauni, ya sake tashi da ƙarfi a watan Mayu na shekarar, wutarsa kuma ta ci har cikin garin Kaduna da Zariya. A cikin waɗanda ke jagorantar matasa a wancan lokaci akwai Muhammad Nurayn Ashafa a ɓangaren ƙungiyoyin matasan Musulmi, da James Movel Wuye a reshen matasa na ƙungiyar Kiristoci ta CAN. Kowannensu ya fito daga rikicin da tabon da ba ya gogewa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma an kashe masa malaminsa dattijo da 'yan'uwansa biyu. Duk wanda ya san zuciyar ɗan Adam zai ce waɗannan biyu ba za su taɓa shan inuwa ɗaya ba, kuma su da kansu sun sha faɗa a bainar jama'a cewa kowannensu ya yi shekaru yana neman hanyar ramuwa a kan ɗaya.

A 1995 aka haɗa su a wajen wani taro a Gidan Gwamnati na Kaduna, inda wani ɗan jarida da ya san su duka biyu ya sa suka gaisa, ya kuma nuna musu cewa gyaran jihar ko rushewarta yana hannun irinsu. Gaisuwar bakin taro abu ce mai sauƙi, kuma da an tsaya a nan da babu wanda zai tuna da ita yau. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Ashafa ne ya riƙa bin Wuye, yana nemansa, yana kawo shawarar a shirya muƙabala tsakanin matasan ɓangarorin biyu, alhali Wuye yana kallonsa a matsayin ɗan leƙen asiri da aka turo ya gano lagonsu. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta rashin lafiya, Ashafa ya je asibiti dubiya, da ta rasu kuma ya ɗebi mutanensa suka je ta'aziyya. Duk da haka zuciya ba ta sauka nan da nan ba. Wuye ya sha ba da labari cewa har bayan sun fara tafiye-tafiye tare suna kwana ɗaki ɗaya, akwai daren da yakan ji kamar ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai idan ya tuna hannunsa, kuma ya ɗauki kimanin shekara uku a cikin wannan hali kafin ya rabu da shi. Ashafa shi ma ya ce huɗubar wata Juma'a a kan yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi, ita ce ta karya masa ƙudurin ramuwa.

Na tsaya a kan wannan zance na matashin kai ne domin yana rushe wani ruɗi da muke da shi, wato tunanin cewa sai zuciya ta huce tukuna ake zuwa sulhu. Waɗannan mutane biyu sun fara zama tare tun zuciya tana tafasa, kuma yawan zaman ne ya hutar da ita. Da kowannensu ya ce zai jira sai ranar da ya daina jin haushi, da har yau suna jira. Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne, ba salihan bayan fage ne suka yi wannan aiki ba. Mutane ne masu zafin nama da kaifin baki, waɗanda tun asali kuzarinsu ne ya sa matasa suka sa su gaba. Ƙarfin da suka yi amfani da shi wajen tara jama'a domin faɗa, shi ɗin dai suka juya wajen tara jama'a domin sulhu, kuma saboda an san su da jarumta ne maganarsu ta yi nauyi a kunnen matasan da ba za su saurari wanda bai taɓa shiga fage ba. Wannan ya sa nake jin takaici idan na ga iyaye da malamai suna ƙoƙarin kashe kuzarin yaro mai rawar kai, suna fifita wanda ba ya motsi suna kiransa mai ladabi. Yaron da ke tara tsaransa a unguwa yana da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, abin da yake buƙata shi ne a nuna masa inda zai kai su.

Abin da ya fito daga wannan haɗuwa sananne ne. Sun kafa cibiyar sasanta tsakanin mabiya addinai a Kaduna, kuma bayan mummunan rikicin shekarar 2000 a kan batun shari'a, suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiya har shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kiristoci, suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Ba zan ɓoye ba, wata uku kacal bayan haka, a Nuwamban 2002, garin ya sake kamawa da wuta a kan batun gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka rasa rayuka fiye da 200. Masu cewa takarda ba ta hana faɗa suna da hujjarsu a nan. Amma su waɗannan biyu ba su tattara nasu ya nasu sun koma gida ba. Da rikicin Yalwa ta ƙaramar hukumar Shendam ya yi muni a 2004, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato a watan Mayu, sun yi ta zarya zuwa garin suna zama da kowane ɓangare daban, suna sauraron kuka da zagi da zargi, kafin su haɗa su wuri ɗaya, har aka kai ga yarjejeniya a farkon 2005. Bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007 an gayyace su can su yi irin wannan aiki, a 2009 kuma gidauniyar tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ta ba su kyautarta ta rigakafin rikici. Sun sha suka daga nasu mutanen, waɗanda suka zarge su da cin amana, kuma har yau ba su yarda da aƙidar juna ba, ba sa ma ɓoye hakan. Duk ƙofofin da suka buɗe musu a duniya, daga rigimar da suka ƙi gudu suka buɗe.

Sai a kwatanta wannan da hanyar da yawancinmu mazauna Kaduna muka bi. Bayan 2000 mun zaɓi rabuwa. Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma suka koma kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi. Ba na zargin wanda ya tashi domin tsira da ransa da na iyalinsa, kowa ya san abin da idonsa ya gani. Amma sakamakon shi ne yau muna da samari da suka girma ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan wancan ƙetaren ba, ba su san shi ba sai a labarin da ake ba su, labarin kuma ba mai daɗi ba ne. Mai shago ya rasa rabin masu sayen kayansa, makaniki ya rasa motocin da yake gyarawa, mai gidan haya ya sayar da gidansa a wulaƙance. Muna kiran wannan zaman lafiya saboda ba a jin ƙarar bindiga, alhali maganar da ta raba mu tana nan kwance ba a taɓa ta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan batu na manyan rigingimu ne kawai. A kasuwa da cikin gida ya fi yi mana ɓarna, domin a can ne yake faruwa kullum. Na taɓa zama shaida a tsakanin wasu maƙwabtana biyu masu harkar hatsi, ɗaya mai jari, ɗaya kuma shi ke bin kasuwannin ƙauye yana sayen masara da wake ana tarawa a sito. Wata shekara farashi ya faɗi bayan sun ajiye kaya, aka yi asara, mai jarin kuma ya fara zargin cewa asarar ta wuce abin da faɗuwar farashi za ta jawo. Bai ce uffan ba. Sai dai ya rage amsa gaisuwa, ya daina aika wa iyalin abokin nasa abin da ya saba aikawa da azumi, maganar kuma ta riƙa fitowa daga bakin dillalai da 'yan majalisa. Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya bayan sallar Asuba, sai ga abokin nasa da littafin lissafi a hammata, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidan, ya aika a kira wani dattijo da suke jin nauyinsa, ni ma aka kira ni domin in karanta alƙaluma. Da mai gidan ya fito yana shirin wucewa da gaisuwar sama-sama, sai ya ce masa: "Alhaji, yau ban zo gaisuwa ba, lissafi na zo a yi. In na ci maka kuɗi a faɗa a gaban Baba, in kuma ban ci ba a daina cin namana a majalisa."

Zaman bai yi daɗi ba. An bi kaya buhu-buhu, kuɗin mota da ladan 'yan dako da la'adar dillali da buhunan da ƙwari suka ɓata, murya ta tashi har mata suna leƙe ta zaure. A ƙarshe ta bayyana cewa kowa yana da nasa laifin. Mai zuwa ƙauyen ya ba wasu kaya bashi ba tare da ya sanar ba, kuma ba a biya ba. Shi kuma Alhaji, ɗansa ya riƙa karɓar kuɗi daga sito da sunansa ba a rubutawa. Dattijon ya raba musu asarar gwargwadon laifin kowa, aka kuma yi sharaɗin cewa daga ranar ba a fitar da ko kwano ɗaya sai da rubutu. Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo daga baya. Labarin ya bazu a kasuwa, kuma maimakon a guji mutumin da aka yi wa zargi, sai masu kuɗi suka riƙa nemansa su ba shi jari, saboda sun ji cewa shi ne wanda ke ɗauko littafi da kansa ya kai ƙofar mai zarginsa. A harkar da ake yi da amana, babu tallan da ya kai wannan.

Addininmu ma bai bar mu da uzuri ba. Hadisi ingantacce ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama, wato wanda ya fara motsawa. Aya ta 34 a cikin Suratu Fussilat ta yi umarni da a tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, ta ce sai ka ga wanda ke gaba da kai ya zama kamar masoyi na kusa, kuma tunkuɗewa aiki ne da ake yi, ba a yinsa daga zaune. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah ya zauna da Suhailu ɗan Amru, wakilin Ƙuraishawa, ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa wasu manyan sahabbai nauyi ƙwarai, kuma Suhailun nan daga baya ya musulunta. Haƙurin da ake yabo shi ne na wanda ya shiga maganar ya daure, amma mu mun fi ganewa da haƙurin wanda ya yi shiru yana ƙullaci.

Na san za a ce mini ai masu tunkarar rigima sun yi mana yawa, a leƙa Facebook a gani. Wannan wani abu ne daban. Wanda ke zazzaga wa mutum zagi a gaban dubban 'yan kallo, alhali ba zai iya zama da shi su biyu a ɗaki ba, shi ma gudun saɓanin yake yi, sai dai ya yi nasa da hayaniya. Mafaɗaci yana neman a ce ya yi nasara ne, shi kuwa wanda nake magana a kansa yana neman a ci gaba da hulɗa bayan an gama, shi ya sa yake zaɓen lokaci da wuri, yake zuwa da hujja, yake neman dattijon da duka biyun ke jin kunyarsa, yake kuma shiga da shirin cewa za a iya samun laifi a wurinsa. Akwai kuma rigimar da hankali ke cewa a kauce mata, kamar wadda za ta kai ga zubar da jini ko wadda ake yi da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Kakanninmu ma sun san cewa ba a barin tsohon miki a rufe, shi ya sa suka bar mana wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarabawa, inda ake faɗa wa juna baƙar magana ido da ido a tashi ana dariya. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Tarihin siyasarmu yana da darasi ta ɗaya fuskar, kuma mai ciwo ne. Babu wanda zai ce mutanen jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ba su da kuzari ko suna tsoron rigima. Sun tunkari En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, da sarakuna, sun sha ɗauri da bulala, kuma wannan jarumta ce ta sa talakawa suka riƙe Malam Aminu Kano har jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna a 1979, da Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Amma da saɓani ya shigo cikin gida, jam'iyyar ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, aka koma jifan juna a dandalin taro da shafukan jaridu. Majalisar dokokin Jihar Kaduna da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓen 1983, Malam kuma ya rasu a watan Afrilun shekarar ba a ɗinke ɓarakar ba. A ganina, tunkarar abokin gaba na waje ta fi sauƙi a kan zama da na gida a warware magana, domin a ta farko ana yi maka tafi, a ta biyu kuwa babu mai ganinka, kuma dole ka haɗiye wani abu daga girman kanka. Wannan cuta ce ke kashe mana ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallaci da kamfanonin da 'yan'uwa suka gada, inda da zarar mai gida ya kwanta dama sai a raba shaguna kowa ya kama gabansa, saboda maganar da ta kamata a yi shekaru goma da suka wuce ba a yi ta ba.

Ga matasanmu da ke kukan cewa ba su da hanya, ba su san kowa ba, ina ganin ya kamata a faɗa musu gaskiya. Jama'a ba a gadonta kamar gona, ana tara ta ne da zirga-zirga, kuma Bahaushe ya riga ya ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ke zuwa dubiya da jana'iza da ɗaurin aure, wanda idan an ba shi aiki yake komawa ya ba da bayani kafin a neme shi, wanda idan ubangidansa ya yi masa faɗa yake dawowa washegari ya nemi a nuna masa inda ya kauce maimakon ya yi yaji ya bar wurin, shi ne ake tunawa da shi ranar da wata dama ta taso. Na ga yara masu basira da yawa sun bar wurin koyon sana'a saboda magana ɗaya mai zafi, suka koma wani wuri suka fara daga farko, can ma suka bari, har shekaru suka tafi ba su ƙware a ko'ina ba, ba su kuma bar kowa a baya da zai tsaya musu ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina da roƙo gare ku ma'aikatan jarida. Idan rikici ya tashi kuna ba shi shafin farko, kuma haƙƙinku ne ku yi hakan, amma zaman sulhun da ke biyo baya, wanda yake ɗaukar watanni ana kai-komo tsakanin manoma da makiyaya ko tsakanin shugabannin kasuwa, da wuya mu ga labarinsa sai dai hoton ranar sa hannu. Ina ba da shawarar ku ware wani fili, ko da sau ɗaya ne a wata, ku tura wakilanku su zauna da masu unguwanni da sarakunan kasuwa da limamai da fastoci waɗanda suka taɓa raba irin wannan gardama, su kawo mana yadda aka yi dalla-dalla: wa ya fara takawa, me aka faɗa a zaman farko, ina aka cije, kuma me kowane ɓangare ya sadaukar kafin a daidaita.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.